Katefsin K: Sinadarin da ke rushe ƙashi domin a sake gina shi

Masana kimiyyar lafiya sun ƙiyasta cewa a kowace shekara, jikin baligi yana rushe kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa, ya kuma sake gina su. Ke nan a cikin shekara goma ko makamancin haka, akasarin ƙashin da ke jikin mutum ya zama sabo.

Babban makamin da jiki ke amfani da shi wajen wannan rusau shi ne wani sinadari mai narkar da furotin, wanda ake kira katefsin K.

Mutanen da aka haifa ba tare da wannan sinadari ba, ƙasusuwansu kan cushe su yi tauri fiye da kima, amma duk da haka su riƙa karyewa a kai a kai. Waɗanda kuma aikinsa ya yi yawa a jikinsu, ƙasusuwansu kan zaizaye, abin da ke haddasa wa miliyoyin tsofaffi karaya a kowace shekara.

Kamfanonin harhaɗa magunguna sun shafe shekaru da dama suna neman maganin da zai rage wa sinadarin kaifi. Yunƙurin da ya fi yin nisa ya tsaya ne a shekarar 2016, bayan an gwada wani magani a kan mata fiye da dubu 16, aka ga yana hana karaya, amma yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki.

Jakar narkarwa

Jikin ɗan Adam ya ƙunshi ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa, waɗanda ba a iya ganinsu sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai wasu ƙananan jakunkuna da ake kira laisosom, inda ake kai duk wani abu da ya tsufa ko ya lalace domin a narkar da shi, a sake amfani da abin da ya saura.

Wani masani ɗan ƙasar Beljiyam mai suna Christian de Duve ne ya gano waɗannan jakunkuna, kuma ba su yake nema ba a lokacin. A ƙarshen shekarar 1949, shi da abokan aikinsa a jami'ar Luban suna nazarin hantar ɓera, sai suka lura cewa wani sinadari da suke aunawa ba ya nuna ƙarfi a cikin sabon samfuri. Da suka sake auna samfurin bayan ya yi kwana biyar a firji, sai suka ga ƙarfin sinadarin ya ninka sau da yawa.

De Duve ya fahimci cewa sinadarin a kulle yake cikin wata jaka, wadda ta fashe a lokacin ajiyar. A shekarar 1955 ya raɗa wa jakar suna laisosom, a shekarar 1974 kuma aka ba shi lambar yabo ta Nobel tare da Albert Claude da George Palade.

A yanzu an san cewa laisosom yana ɗauke da sinadaran narkarwa fiye da iri 50. Wasu suna narkar da kitse, wasu sukari, wasu kuma furotin. Waɗanda ke narkar da furotin su ne akasari ake kira katefsin, sunan da aka samo daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar narkarwa. Akwai kimanin iri 15 a jikin mutum, kuma ana bambanta su da haruffa, kamar katefsin B da D da L da kuma K.

Da yake jikin mutum kansa da furotin aka gina shi, irin waɗannan sinadarai suna iya yin ɓarna idan suka kuɓuce. Saboda haka akwai matakan tsaro a kansu. Da farko dai ana ƙera su ne a rufe, kamar wuƙa a cikin kube, sai sun isa wurin aiki ake cire murfin. Na biyu, sun fi aiki a wuri mai tsami. A ma'aunin tsami na pH, cikin laisosom yana tsakanin 4.5 da 5, alhali jini yana wajen 7.4, inda yawancinsu ke saurin rasa ƙarfi. Bayan wannan kuma akwai wasu furotin da ake kira sistatin, waɗanda ke yawo a cikin jini da ruwan jiki suna kama duk wanda ya fito ba bisa ƙa'ida ba.

Rodi da siminti

An fara gano katefsin K ne a shekarar 1994, lokacin da wasu masu bincike a Japan suka same shi a ƙwayoyin ƙashin zomo. Shekara guda bayan haka aka tabbatar da shi a jikin mutum.

Domin a fahimci aikinsa, ana iya kwatanta ƙashi da ginin kankare. Ma'adinan kalsiyam da fosfet su ne simintin da ke ba shi tauri. Wani furotin mai suna kolajin kuma shi ne rodin da ke riƙe ginin, ya ba shi damar ɗan lanƙwasawa ba tare da ya tsage ba. Kolajin shi ne kimanin kashi 90 cikin 100 na furotin ɗin da ke cikin ƙashi.

Akwai rukunin ƙwayoyin halitta guda biyu da ke aiki a kan wannan gini dare da rana. Na farko su ne masu rusau, waɗanda masana ke kira ostiyokilas. Na biyu su ne magina, wato ostiyobilas.

Ƙwayar rusau babba ce, domin ƙwayoyi da dama ne dangin fararen ƙwayoyin jini ke haɗewa su zama guda. Idan za ta fara aiki, takan kifu a kan ƙashi kamar ƙwarya, ta like gefenta yadda babu abin da zai fita. Daga nan sai ta tura jakunkunanta na laisosom zuwa ɓangaren da ke fuskantar ƙashin, su juye abin da ke cikinsu. Ruwa mai tsami shi ke fara narkar da ma'adinan, ya bar rodin a fili. Sai katefsin K ya bi ya daddatse rodin.

Wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Kolajin kamar igiya yake da aka tufka da zare uku, kuma yawancin sinadaran narkar da furotin ba sa iya taɓa shi. Ƙalilan da ke iyawa, a wuri guda suke yanka shi. Katefsin K kuwa yana yanka shi a wurare da dama, har ya zama gutsattsari.

Rusau a wuri guda kan ɗauki makonni kaɗan. Bayan haka sai magina su zo su cike ramin da sabon kolajin, ma'adinai su hau kansa, aikin da ke ɗaukar watanni uku ko fiye. Masu rusau ɗin da kansu suna fitar da wasu sinadarai da ke kiran magina zuwa wurin, kuma wannan alaƙa ta zama muhimmiya daga baya wajen neman magani.

Jiki yana da dalilai na yin wannan wahala. Tafiya da ɗaukar kaya suna haddasa ƙananan tsagogi a cikin ƙashi, waɗanda idan ba a kankare su an cike ba za su taru su zama karaya. Haka kuma kimanin kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙasusuwa da haƙora yake, kuma daga can ake ɗebo shi idan ya yi ƙaranci a jini. Alal misali, mace mai shayarwa kan rasa wani kaso na ma'adinan ƙashinta na ɗan lokaci domin samar da nono, kuma galibi yakan dawo bayan yaye. Ko ƙashin da aka ɗora bayan karaya, sai masu rusau sun sassaƙe tudun da ya taru a wurin kafin ya koma siffarsa.

Idan babu shi

Abin da ya fi fito da muhimmancin katefsin K shi ne wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba, wadda ake kira fikinodisostosis. Wasu likitoci biyu na Faransa, Pierre Maroteaux da Maurice Lamy, su ne suka bayyana ta suka kuma ba ta suna a shekarar 1962. An ƙiyasta cewa tana shafar mutum ɗaya zuwa biyu a cikin miliyan guda.

Masu wannan cuta gajeru ne, yawanci tsawonsu ba ya wuce mita ɗaya da rabi. Maɗigar kansu kan daɗe ba ta rufe ba, wani lokaci har girma. Muƙamuƙinsu ƙarami ne, haƙoransu kan makara wajen fitowa ko su fito a cunkushe, kan yatsunsu kuma gajeru ne. A hoton asibiti ƙasusuwansu kan fito fari fat saboda cushewa, amma faɗuwa kaɗan tana iya karya su, kuma karayar kan jima ba ta warke ba. Cutar ba ta cika shafar hankali ba, kuma yawancin masu ita suna yin tsawon rai kamar kowa.

A shekarar 1996, Bruce Gelb na asibitin Mount Sinai da ke birnin New York da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa abin da ke haddasa cutar shi ne lahani a ƙwayar gadon da ke samar da katefsin K. A jikin masu cutar, ƙwayoyin rusau suna nan, suna kuma narkar da ma'adinai, amma ba sa iya yanka kolajin. Saboda haka tsohon ƙashi ba ya gushewa, sabo yana hawa kansa, tsagogin da ke ciki kuma ba a gyara su. Shekara biyu bayan haka, wasu masana a Jamus suka cire wannan ƙwayar gado daga jikin ɓeraye, aka ga su ma ƙasusuwansu sun cushe.

Ana gadon cutar ne kamar yadda ake gadon sikila. Sai uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayar gadon mai lahani, ko da yake su kansu lafiyarsu ƙalau, sannan a kowane ciki ake da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai cutar. Wannan ya sa aka fi samunta a iyalan da ke auren zumunci, domin dangi na kusa sun fi yiwuwar gadar lahani iri ɗaya daga kaka guda. Sai dai da yake lahanin kansa ba shi da yawa a cikin jama'a, mafi yawan irin waɗannan iyalai ba sa taɓa haɗuwa da cutar.

Wasu kan kira ta cutar Toulouse-Lautrec, da sunan wani shahararren mai zanen hotuna na Faransa wanda aka haifa a garin Albi a shekarar 1864. Iyayensa ɗan wa da ɗan ƙani ne ta wajen uwa, domin kakanninsa mata biyu ciki ɗaya suka fito. Ya karye a cinyar hagu a shekarar 1878 bayan ya zame daga kan wata gajeriyar kujera, ya kuma karye a ta dama a shekarar da ta biyo baya. Daga nan ƙafafunsa ba su ƙara wani tsawo ba. Ya rasu a shekarar 1901 yana da shekara 36. Maroteaux da Lamy ne suka yi hasashe a shekarar 1965 cewa wannan cuta ce ta same shi, ko da yake wasu marubuta tarihinsa sun musanta hakan.

Ya zuwa yanzu, kulawar da ake ba masu cutar ta ƙunshi ɗorin karaya, da lura da haƙora, domin cire haƙori kan iya janyo musu ruɓewar ƙashin muƙamuƙi. An kuma ba wasu yara sinadarin ƙara girma, aka ga ya taimaka wa tsawonsu.

Idan ya yi yawa

Matsalar da ta fi yawa a duniya ita ce akasin wannan, wato rusau ya fi gini sauri.

Ƙashin mutum kan kai matuƙar ƙarfinsa a wajen shekara 30 da haihuwa. Bayan wasu shekaru sai ya fara raguwa sannu a hankali. A wurin mata raguwar kan yi sauri bayan sun daina jinin al'ada, saboda sinadarin istirojin, wanda ke taka wa ƙwayoyin rusau birki, ya ragu a jikinsu. Ƙwayoyin kan ƙaru, su daɗe suna aiki, su haƙa ramuka masu zurfi waɗanda magina ba sa iya cikewa.

Sakamakon haka shi ne cutar zaizayar ƙashi, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Ba ta da zafi ko wata alama a farkonta. Sau da yawa ba a sanin mutum yana da ita sai ya karye a ƙugu, ko a wuyan hannu, ko kuma ƙasusuwan bayansa sun lotsa ya fara ranƙwafawa.

Gidauniyar yaƙi da cutar ta ƙasa da ƙasa ta ce mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar, daga cikin waɗanda suka haura shekara 50, za su samu karaya saboda raunin ƙashi. Wani ƙiyasi ya nuna cewa a shekarar 2000 kaɗai an samu irin wannan karaya kimanin miliyan 9 a duniya, kuma miliyan 1.6 daga ciki a ƙugu ne. Karayar ƙugu ita ce mafi muni, domin kusan mutum ɗaya cikin biyar na tsofaffin da ta sama kan rasu kafin shekara ta zagayo, wasu da dama kuma ba sa sake tafiya da ƙafarsu.

Likitoci suna iya auna saurin wannan rusau ta hanyar gwajin jini da ake kira CTX. Abin da gwajin ke nema shi ne gutsattsarin kolajin da katefsin K ya yanka, waɗanda suka shiga cikin jini.

Neman magani

Akwai magungunan zaizayar ƙashi tun kafin a san katefsin K sosai. Mafi shahara shi ne alendironet, wanda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi a shekarar 1995. Shi da danginsa suna kashe ƙwayoyin rusau ne ko su raunana su. Suna rage karaya ƙwarai, sai dai idan masu rusau suka ragu, saƙon da suke aika wa magina ma yana raguwa, sai gini shi ma ya ja baya.

Wannan ne ya sa masana suka ɗora fata a kan katefsin K. Tunaninsu shi ne a bar ƙwayar rusau da ranta, a ƙwace mata wuƙar kawai. Ta haka ba za ta ci ƙashi da yawa ba, amma za ta ci gaba da kiran magina.

Kamfanoni da dama suka shiga tseren. Kamfanin Novartis na Suwizalan ya samar da wani magani mai suna balikatib, wanda ya ƙara wa mata ƙarfin ƙashi a gwaji. Sai dai kaɗan daga cikinsu sun samu wata matsala inda fatarsu ta yi tauri a wasu sassan jiki, abin da ya sa aka dakatar da shi. Bincike ya nuna cewa maganin yana taruwa a cikin laisosom na ƙwayoyin fata, inda yake hana wasu nau'o'in katefsin aiki, kolajin ya yi ta taruwa babu mai kwashewa.

Masanan kamfanin Merck a birnin Montiriyal na Kanada sun yi la'akari da wannan, suka ƙera wani maganin mai suna odanakatib, wanda ba ya taruwa a laisosom, kuma ya fi mayar da hankali a kan katefsin K shi kaɗai. Ƙwaya ɗaya ake sha a mako.

Gwajin mata dubu 16

A shekarar 2007 aka fara babban gwajin odanakatib a ƙasashe 40. An yi nazarin sakamakon mata 16,071 masu shekara 65 zuwa sama, dukkansu masu fama da zaizayar ƙashi. An ba rabinsu maganin, rabin kuma aka ba su ƙwayar da ba ta ɗauke da komai, ba tare da su ko likitocinsu sun san wadda ke shan wanne ba.

A watan Yulin 2012, kwamitin da ke sa ido a kan gwajin ya ba da shawarar a kammala shi kafin lokaci, saboda amfanin maganin ya fito fili. Amma ya kuma yi nuni da wasu batutuwa na illa da ya ce a ci gaba da bibiya.

Alƙaluman da aka bayyana a shekarar 2014 sun nuna cewa maganin ya rage karayar ƙashin baya da kashi 54 cikin 100, ta ƙugu da kashi 47 cikin 100, sauran karaya kuma da kashi 23 cikin 100. Bayan haka kuma, ƙarfin ƙashin matan ya ci gaba da ƙaruwa shekara bayan shekara har tsawon shekara biyar.

Sai dai da aka ba wasu ƙwararru masu zaman kansu bayanan domin su tantance batun zuciya da jijiyoyin jini, sai suka tabbatar da abin da ake tsoro. A cikin matan da suka sha maganin, kashi 1.7 cikin 100 sun samu shanyewar ɓarin jiki, idan aka kwatanta da kashi 1.3 cikin 100 na waɗanda ba su sha ba. Da aka haɗa da ƙarin shekarun bibiya, adadin ya zama kashi 2.3 da kuma kashi 1.7 cikin 100.

Bambancin ba shi da girma a ido. Amma magani ne da za a ba miliyoyin tsofaffi su yi ta sha shekara da shekaru, kuma akwai wasu magungunan da ba su da wannan illa. A farkon watan Satumbar 2016, kamfanin Merck ya sanar da cewa ya yi watsi da maganin, yana mai cewa amfaninsa bai rinjayi haɗarinsa ba. An wallafa cikakken sakamakon gwajin a shekarar 2019, a ɗaya daga cikin mujallun Lancet.

Abin ya zo wa masana da mamaki, domin gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye sun nuna cewa rashin katefsin K yana rage toshewar jijiyoyin jini ne. Har yanzu ana muhawara a kan ko illar ta samo asali ne daga hana sinadarin aiki, ko kuwa daga wata sifa ta shi wannan magani.

Sauran sassan jiki

Abin da waɗannan gwaje-gwaje suka tunatar shi ne cewa katefsin K yana aiki a wurare da dama bayan ƙashi. Ana samunsa a fata, da huhu, da bangon jijiyoyin jini, inda baya ga kolajin yake narkar da wani furotin mai talewa kamar roba da ake kira ilastin.

A ciwon gaɓoɓi na tsufa, yana cikin sinadaran da ke cin guringuntsi. Kamfanin Medivir na ƙasar Siwidin ya gwada wani magani mai hana shi aiki a kan mutane 244 masu ciwon gwiwa. Hotunan asibiti sun nuna cewa lalacewar ƙashin gwiwar ta ragu, amma zafin da majinyatan ke ji bai ragu ba a cikin watanni shida na gwajin.

A cutar tarin fuka, wato tibi, wani bincike da aka wallafa a shekarar 2016 ya samu katefsin K da yawa a gefen kogunan da cutar ke yi a cikin huhu. Haka kuma idan sankarar mama ta yaɗu zuwa ƙashi, ƙwayoyin sankarar kan zuga masu rusau su ci ƙashin da ke kewaye da su. A ɗakunan gwaji kuma, likitoci suna amfani da kasancewar sinadarin wajen tantance wasu nau'o'in ƙarin da ke fitowa a ƙoda.

Sauran dangin katefsin ma kowanne da nasa labari. Jariran da aka haifa ba tare da katefsin D ba kan samu mummunar lalacewar ƙwaƙwalwa. Rashin katefsin C yana haddasa wata cuta da ke sa tafin hannu da na ƙafa su yi kauri, haƙora kuma su zube tun ana yara. A shekarar 2005 kuma aka gano cewa ƙwayar cutar Ebola tana amfani da katefsin B da L wajen buɗe wa kanta hanyar shiga cikin ƙwayar halitta.

Inda bincike ya dosa

Har zuwa shekarar 2025 babu wani maganin hana katefsin K aiki da ya shiga kasuwa, amma ba a daina nema ba.

Wata hanya da ake bi ita ce ta Dieter Brömme na jami'ar British Columbia da ke Kanada. Shi da abokan aikinsa sun nuna cewa kafin katefsin K ya iya yanka kolajin, sai ya kama shi ta wani gefe na dabam da bakin da yake yanka da shi. Idan aka toshe wannan gefe kaɗai, sinadarin zai kasa cin kolajin amma ya ci gaba da sauran ayyukansa. A shekarar 2017 suka ba da rahoton cewa wani sinadari da aka samo daga saiwar wani tsiro na ƙasar Sin ya yi hakan a jikin ɓeraye, ya kuma hana ƙasusuwansu zaizayewa. Sakamakon na dabbobi ne, kuma labarin odanakatib ya nuna irin tazarar da ke tsakanin ɓera da mutum.

A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Agustan 2025 hukumar FDA ta amince da wani magani mai suna biransokatib, wanda ke hana katefsin C aiki, domin masu fama da wata cutar huhu mai sa hanyoyin iska su buɗe su riƙa tara majina. Wannan ya nuna cewa ana iya taɓa ɗaya daga cikin dangin a samu amfanin da hukumomi za su yarda da shi.

Abin da ke hannun jama'a

Kafin a kai ga sabon magani, likitoci sun ce akwai abubuwan da aka tabbatar suna taimaka wa gini ya yi daidai da rusau.

Idan kalsiyam ya yi ƙaranci a abinci, jiki kan umarci masu rusau su ɗebo shi daga ƙashi. Wani bincike da aka gudanar a Jos, aka wallafa a shekarar 1999, ya gano cewa yaran da ke fama da lanƙwashewar ƙafafu ba sa samun fiye da kimanin miligiram 200 na kalsiyam a rana, kuma ba su kalsiyam ya fi warkar da su a kan ba su bitamin D shi kaɗai. Nono da kindirmo, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da ganyen kuka da zogale, da riɗi, duk suna ɗauke da kalsiyam. Hasken rana a kan fata kuma shi ne babbar hanyar samun bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam ɗin.

Tafiya a ƙasa da sauran motsa jiki suna ƙarfafa magina, yayin da shan taba da barasa ke raunana su. Haka kuma magunguna irin su dekzametason da firedinisolon, waɗanda wasu ke saye ba da izinin likita ba domin su yi ƙiba ko su rage ciwon gaɓoɓi, suna cikin manyan abubuwan da ke zaizaye ƙashi idan aka daɗe ana shan su.

Likitoci suna kuma jan hankali cewa duk wanda ya haura shekara 50 ya karye sakamakon faɗuwa mai sauƙi, kamar zamewa a banɗaki ko tuntuɓe a tsakar gida, ya kamata a duba ƙarfin ƙasusuwansa a asibiti ko da an yi masa ɗori ya warke. Bincike ya nuna cewa karaya ta farko tana kusan ninka haɗarin samun ta biyu, kuma magungunan da ake da su a yanzu suna iya rage wannan haɗari idan aka fara su da wuri.